Injin da Alhaji Ya Cire wa Birki

Mutumin da ya sayar mini da injin yankan itace ya karɓe shi da sunan gyaran garanti, ya sa aka cire masa birki, ya miƙo mini yana murmushi bai ce da ni komai ba. Da wannan injin na hau bishiya. Abin da aka yi mini ke nan, kuma a nan Matameye aka yi shi, ba a wata uwa duniya ba. Ba zan faɗi sunansa ba. Alhaji ne, yana da butik kusa da tasha inda yake sayar da motopom na ban ruwa da gurup na wutar lantarki da sauran injina. Tare muka shiga lakwal, wato makarantar boko, da shi, ni na gudu tun ban iya haɗa wasiƙa da faransanci ba, shi ya zauna ya ƙare.

Aikin itace a cin rani na koye shi. Shekaru na yi ina sauka Kurmi bayan an ɗaure hatsi, ina bin masu yankan katako, tun ina ɗaukar musu jarkar mai har suka yarda na riƙe inji. A can na ga abin da injin nan yake yi wa mutum. Idan bakin takobinsa, wato dogon ƙarfen da sarƙa take zagayawa a kai, ya taɓa wani abu mai tauri, sai ya yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi kafin ya ƙifta ido. Na ga wanda ya dawo wa a fuska. Ya rayu, amma ban ƙara iya cin abinci kusa da shi ba, Allah ya yafe mini. Saboda haka ne masu ƙera injin suka sa wani mariƙi a gaban hannun hagu. In inji ya yi tsalle, wuyan hannunka ya bugi mariƙin, sarƙa ta tsaya cak. Shi ne birki. Ba abin da ake taɓawa kullum ba ne. Kana iya shekara ba ka neme shi ba, ranar tsiya kaɗai ake nemansa.

Da jiki ya fara gajiya da hanya sai na ce zan zauna gida in yi aikin a nan. Aiki kuwa akwai. Dogon yaron da iyayenmu suka dasa a tsakar gidaje duk ya girma ya haye kan ɗakuna, kuma da bazara ta yi, kowa yana tsoron iskar hadarin farko. Ga matattun itatuwa a gonaki, in mai gona ya samo takardar ƴan gandun daji.

Sai maganar wane inji zan saya. Iri uku ne a gabana. Akwai na Kano mai araha, wanda yake zuwa a kwali, ba wanda ya san inda aka ƙera shi. Akwai tsofaffin Kurmi da suka gama wahala a hannun wasu. Sai jan injin da ke rataye a butik ɗin Alhaji, mai garantin shekara.

Taubashina, ɗan gwaggona, shi yake da amalanken shanu, kuma da shi muka shirya zai riƙa riƙe mini igiya a ƙasa yana kwashe itacen. Ya girme ni, amma ba ya kirana da komai sai bawansa. A teburin mai shayi ya ce:

"Kai bawa, sayi na Kano guda biyu. In ɗaya ya mutu ka cinye namansa ka ba ɗayan. Garanti a Matameye? Wa ka taɓa gani ya ci garanti a garin nan?"

Na ce masa na Kano birkinsa na ado ne, na gani da idona, roba ce kawai. Na ce ni ba araha nake nema ba, inda zan mayar da abu in ya lalace nake nema.

Alhaji kuwa da na je, har kujera ya sa aka kawo mini. Ya ce, "Ai kai ɗan gida ne. Wannan ko noti ɗaya ya kwance, kawo mini. Babban shagon yana Damagaram, da makanisiyen da aka koyar don shi kaɗai. Piyes ɗin da suke gyara da su duk na asali ne. Ba ka biyan komai." Na sayar da bijimina na noma na ɗauki jan injin. Ya ba ni takarda mai hatimi, na kai wa matata ta ajiye a ƙasan akwati.

Gaskiya injin ya yi aiki. Da sanyi har Dungu da Icirnawa ake kirana. Amma zafi yana shigowa sai birkin ya fara kamawa da kansa. Ina cikin yanka sai sarƙa ta tsaya, hayaƙi ya tashi daga gefe. Kunamar ma, abin da ake matsawa da yatsa a ba shi wuta, ta fara nauyin dawowa. Na ɗauke shi na kai wa Alhaji da takardarsa.

Ya ce gobe-gobe zai sa shi a mota.

Wannan goben ta daɗe. In na je, wai makanisiyen ya yi tafiya. In na koma, wai piyes sun maƙale a hanya. Ga bazara tana wucewa, gabas ta fara haɗa baƙi da maraice, mutanen da na yi wa alkawari suna tare ni a masallaci. Rannan na ɗaga murya a butik ɗin har masu shagunan kusa suka leƙo. Bayan kwana kaɗan ya aiko a ce in zo, inji ya dawo daga Damagaram.

An wanke shi tas, har yana ƙyalli. Na tura mariƙin birki, ya yi ƙas kamar yadda ya saba. Na ja igiya, ya tashi bugu ɗaya. Kafin in gwada wani abu Alhaji ya toshe kunne ya ce, "Haba, kashe mana, ana kiran salla! Ai sabo suka mayar maka da shi." Na kashe, na yi godiya. Har godiya na yi masa.

Washegari da hantsi muka je gidan wani Malam a bayan kasuwa. Dogon yaro ne babba a tsakar gida, da wani reshe mai kauri da ya kwanta daidai kan ɗakin tsohuwarsa. Aka fitar da tsohuwar, aka kwashe tukwane, aka kore awaki. Na cika tanki da esans fal, don ba na son mai ya ƙare mini a sama.

A nan sai na faɗi yadda muke aiki, don wanda bai sani ba. Mu nan ba mu da ɗamarar hawa irin ta masu gyaran wayar lantarki. Igiyar guga muke samu, mu ɗaura gefe ɗaya a ƙugu, ɗaya gefen a mariƙin tsakiyar inji, tsawonta bai fi gaba guda ba. Dalili, in inji ya suɓuce daga sama ya bugi ƙasa, ya mutu ke nan, kuma ba mai sayen wani. Mutum ya gwammace ya ji nauyin a ƙugunsa. Duk mai inji a ƙasar nan haka yake yi, kuma ba laifi a ciki, don da ka saki kunama sarƙa tsayawa take.

Na hau, na zauna a kan reshen kamar mai hawan jaki, bayana wajen gindin bishiya. Taubashina yana ƙasa da doguwar igiyar da zai ja reshen in ya yanke, yana ta surutu.

"Bawa, yi a hankali, kar ka faɗo a kan kajin Malam, ba ni da abin biya."

Na ce, "In na faɗo a kanka zan faɗo, ka fi kaji laushi."

Na fara rage ƙananan rassa. Ban san akwai ƙusa a jikin bishiyar ba, irin wadda mata suke kafawa su ɗaura igiyar shanya, ta daɗe har ɓawo ya haɗiye ta. Bakin takobi ya same ta.

Ban ga tahowarsa ba. Na dai ji wuyan hannuna ya bugi mariƙin, na ji ƙas ɗin nan, sarƙa kuma ba ta tsaya ba. Allah ne ya karkatar da kaina. Iskar sarƙar ta wuce ta gefen kunnena, ta yage kafaɗar rigata. Na saki injin da hannu biyu.

Ya faɗi, igiya ta fizge ƙuguna har na kifa a kan reshen, na rungume shi. Ina jira in ji ƙarar ta sauka, kamar yadda take yi in an saki kunama. Ba ta sauka ba. Kunamar ta maƙale a matse. Injin yana rataye a ƙarƙashina yana kururuwa da dukan ƙarfinsa, sarƙa tana gudu, shi kuma yana juyawa a kan igiya a hankali, takobin yana zagayawa daidai inda ƙafafuna suke reto.

Na naɗe ƙafafun na ɗora su a bayan reshe, na harɗe su. To, reshen ba a miƙe yake ba, ya ɗan gangara, ga nauyin inji yana ja na gefe ɗaya. In takobin ya zagayo ya taɓa jikin bishiya, sai injin ya yi tsalle sama, ɓawo ya watso mini a fuska, igiya ta yi sako-sako, sannan ya koma ya fizge ni. Kowace fizga sai na ji na zame kaɗan.

A ƙasa mata suna salati. Ina ganin bakin taubashina yana motsi, da ƙyar na tsinci abin da yake cewa.

"Yanke igiyar! Yanke ta!"

Da wane hannun? Wuƙata tana aljihun wando, ina kwance a kanta. In na saki hannu ɗaya, juyawa zan yi in koma ƙarƙashin reshe, inda injin yake. Ƙullin kuma yana bayana, nauyi ya ƙara tamke shi.

Sai na tuna da tankin da na cika. Wallahi a nan ne tsoron gaske ya shige ni. Da farko abin ya zo da sauri, ba lokacin tunani. Yanzu kuwa na gane zama zan yi a haka har mai ya ƙare, kuma na san ƙafafuna ba za su kai ba. Cinyata ta dama ta riga ta fara rawa da kanta. Gumi yana shiga idona ba halin sharewa. Tururuwan bishiya suka samu hanya ta wuyan rigata. Na fara karanta abin da na iya, sai in kai tsakiya in manta, in koma farko. Na ga fuskar mutumin nan na Kurmi sarai kamar yana reshen gabana. Na yi tunanin matata, wai wa zai je ya gaya mata, kuma a cikin me za a kai ni gida, tabarma ko buhu.

Mutane suka cika gidan, har kan katanga. Kowa da shawararsa. Wani ya ɗebo yashi yana watsawa sama, yashin yana dawowa a idon jama'a. Wani ya ce a kawo ruwa. Wani ya ce a kira ƴan kwana-kwana, aka ce masa daga ina. Malam yana tsaye da carbi yana cewa, "Riƙe, ɗana, riƙe, Allah yana nan."

Wani maƙwabci ya kawo doguwar ƙugiyar da ake kaɗo wa awaki ƴaƴan gawo. Nufinsa ya taɓa makunnin da ake kashe injin. Na yi ihu kar ya taɓa, ba wanda ya ji ni. Ya miƙa, ya zunguri jikin injin, injin ya yi lilo ya tafi can, ya dawo, takobin ya bugi bishiya ya tashi sama. A daidai lokacin ƙafata ta dama ta zame daga kan reshe.

Ban ji zafi ba. Na ji kamar an buge ni da sanda a dunduniya. Na ga takalmina ya yi sama ya faɗa bayan katanga. Na jawo ƙafar na mayar, sannan na ga jini yana bin reshe yana ɗiga a kan jan murfin injin. Mata suka ƙara ƙarfin salati, daga nan na san abin ba ƙarami ba ne. Ƙafar kuma ta ƙi harɗuwa, sai na danne ta da ɗayar.

Taubashina ya fizge ƙugiyar daga hannun mutumin, ya zage shi zagin da ban taɓa jin ya yi a gaban Malam ba. Ya ruga ɗakin tsohuwa ya fito da bargonta. Ya rataya shi a bakin ƙugiya, ya ɗaga a hankali, yana bin juyawar takobin. Ya ɗago kai ya dube ni. Bai ce bawa ba. Sunana ya kira, ya ce, "Rufe idonka."

Ban rufe ba. Na ga sarƙa ta cafki bargon ta haɗiye shi, zare ya tashi kamar an fige kaza, sauran ya cusa cikin gindin takobi ya toshe. Sarƙa ta tsaya. Injin ya ci gaba da gurnani yana hayaƙi mai warin roba, ya yi tari, ya mutu.

Shirun da ya biyo baya ma tsoro ya ba ni. Aka kawo tsani, aka yanke igiyar, amma hannuwana suka ƙi sakin reshen. Sai da taubashina ya hau ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Wandona a jiƙe yake, kuma ba gumi kaɗai ba ne. Na faɗa, don duk wanda yake gidan ya gani.

A likita, wato asibitin garinmu, suka ɗinke, suka tura ni Damagaram. Agara ce ta taɓu. Damina ta zo ta wuce ina kwance, maƙwabta suka yi mini gayya a gona. Da na tashi, ƙafar ba ta lanƙwasuwa yadda take, kuma ba da irinta ake hawa bishiya ba. Ko da ta warke ma, ban sani ba. Har yau in moto, wato babur, ya tashi a bayana sai in zabura in naɗe ƙafa. Injin niƙan unguwarmu na daina bi ta gabansa, sai in zagaya ta lungu da sandata, yara suna kallona.

Alhaji bai zo duba ni ba. Ya aiko da lemo a leda.

Da na samu ƙarfin zama, na sa aka ɗauko mini injin, na kwance murfin gefe. Inda ɗamarar ƙarfen birki take zama, wadda take shaƙe sarƙa, babu komai. Wayam. Mariƙin ne kawai aka bari yana ƙas. Na buɗe wajen kunama, na tarar a maimakon ƙarfen da ke mayar da ita, guntuwar robar tayar moto aka ɗaura, zafi ya tsinka ta. Irin ɗaurin na san shi. Duk garin nan mutum ɗaya ne yake gyara da robar taya haka, mai gyaran moto na bayan tasha.

Na je wurinsa. Yana ganina da sanda ya ajiye abin da ke hannunsa.

Ya ce, "Wallahi, Baba, ban san naka ba ne. Alhaji ya kawo ya ce in yi duk yadda zan yi ya tashi, mai shi ya dame shi. Na ce masa birkin ya lanƙwashe, sai sabo, ni ba ni da shi. Ya ce in cire. Na ce abin nan fa yana da amfani. Ya ce mutanenmu ba su san ma yana nan ba."

Ashe injin bai taɓa shiga motar Damagaram ba. Duk kwanakin nan yana bayan butik a ƙarƙashin buhu.

Na jira ranar kasuwa. Taubashina ya ɗora ni a amalanke da injin, ya sauke ni a ƙofar butik. Akwai mutane, har da wani mutumin ƙauye da yake juya wani jan inji irin nawa yana tambayar garanti. Na ɗora nawa a kan tebur da murfinsa a buɗe, zaren bargo yana nan a jikinsa.

Alhaji ya tashi da fara'a. "A'a, sannu, sannu! Ya jiki? Wallahi ina ta son zuwa. Ƙaddara ce, sai haƙuri. Kuma ka san garanti bai shafi wanda ya ɗaura inji a ƙugu ba, amma tunda kai ne, zauna mu yi magana a ciki."

Ban zauna ba. Ko a mace injin yake ba na son tsayawa kusa da shi. Na dafa tebur na ce:

"Alhaji, ƙaddara ba ta kwance noti. Kai ka ce a cire, an gaya maka amfaninsa, ka ce a cire. Ka san sama zan hau da shi, ka bar ni na yi maka godiya. Ba sabon inji na zo karɓa ba, ko ka ba ni ba zan iya riƙe shi ba, ka gama da wannan. Amma ƙafar da ka rage mini ta isa ta kawo ni nan duk ranar kasuwa. A bakin ƙofar nan zan zauna in cire takalmi. Duk wanda ya zo sayen inji, sai ya fara ganin dunduniyata kafin ya ga takardarka. Kuma ka ji da kunnenka a gaban mutane, ban yafe ba."